Idon Madawaki Tunau

A zamanin Sarki Nomau na Dargaza, shekarar da Bagudu Sarkin Marke ya kewaye Birnin Dargaza da yaƙi, damina ta sauka da albarka amma ba wanda ya fita ya jefa iri a ƙasa. Tun ruwan fari ƙofofin birni suke a garƙame. Mutanen ƙauyuka sun gudo da 'ya'yansu da 'yan awakinsu, aka jibge su a Unguwar Gangare, gindin ganuwar arewa, kusa da rumbunan Sarki, don nan kaɗai fili ya rage. Hatsi ya ja baya, har gidajen manya an koma dafa tafasa da rama. Wanda duk ka tambaya lafiya zai ce maka lafiya lau, amma idonsa ya faɗa rami.

Dargaza tana da wata al'ada da take taƙama da ita. A majalisar yaƙi magana daga sama take gangarowa: Sarki ya buɗe, Galadima ya faɗi tasa, Madawaki ya yanke, sauran masu rawani kuma kowa in an zo kansa ya ce, "Haka ne." Ƙarami ba ya nuna wa babba abin da ke gabansa, don yin haka kamar ka ce masa bai gani ba ne. Al'adar ta fi tsanani a kan Madawaki Tunau, tsohon da maroƙa ke yi wa kirari da mikiya mai hangen nesa. An ce yana saurayi yakan ƙirga dawakin abokan gaba tun suna bayan tudu. An kuma ce wani ɗan sarauta ya taɓa nuna masa ƙurar mahaya da yatsa, Tunau ya juyo ya ce, "Ni za ka nuna wa? In ka gama sai ka koya wa uwarka tuƙa tuwo." Har wannan bawan Allah ya mutu ana yi masa dariya da maganar, kuma daga ranar kowa ya kama bakinsa.

A ƙarƙashin wannan tsoho Barmo ya sami kansa. Barmo maharbi ne, hannunsa ba ya kuskure, amma rawaninsa na Sarkin Baka ko wanki bai sha ba, don an naɗa shi ne a farkon yaƙin nan bayan kibiya ta ɗauke na gabansa. Aka ba shi tsaron ganuwar arewa, inda Rafin Kanya ke gangarowa daga duwatsu ya daki gindin ganuwa ya karkata yamma. Kowace damina rafin nan kan cika ya batse, doki ba ya ƙetare shi, shi ya sa Bagudu bai ɓata mutanensa a arewa ba, ya kafa sansaninsa a fadamar da ke kudu maso gabas.

Sai dai bana rafin ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ana sheƙa ruwa, shi kuwa yana janyewa. Da farko bakin gaɓa ya bayyana, sannan duwatsun tsakiya suka fito, har ya koma 'yar ƙorama da akuya za ta tsallake. A kan ɗan ruwan da ya rage Barmo yakan ga sassaƙen itace sabo yana wucewa, da ganyen giginya. Abin ya tsaya masa a rai, bai kuwa san fassararsa ba. Abin da ke kwantar masa da hankali ɗaya ne. Kowace safiya Madawaki yakan hau ganuwa, hannunsa a kafaɗar zaginsa, ya zo ya tsaya daf da Barmo, ya fuskanci rafin ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla," ya sauka. Barmo sai ya ce a ransa, ai ga shi ya gani, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ana nan sai wata rana da hantsi aka buga tambari, majalisa ta taru, wai manzon Bagudu yana bakin ƙofa. Aka ɗaure masa ido aka shigo da shi har gaban Sarki. Da aka kwance shi bai faɗi gaisuwa ba, ya ɗan rusuna kawai, ya ce, "Bagudu ɗan Arzika, mai Marke da abin da ke kewayenta, ya ce a gaida ɗan'uwansa Nomau. Ya ce haƙurinsa ya kai gaɓa. A buɗe masa ƙofa kafin babban hadari na gaba ya sauka, zai bar wa kowa ransa da gidansa. In an ƙi, ya rantse ba zai ɓata kibiya ko ɗaya ba, kuma zai shigo Dargaza ta inda babu ƙofa."

Aka fita da manzo. Sarki Nomau ya ce, "Jiya na yi mafarki kifaye suna yawo a zauren nan da muke zaune. Malamai sun ce kifi arziki ne. Ni dai na farka da faɗuwar gaba. Galadima, me ka gani?"

Galadima Kosau ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ne mai riƙe da rumbu, ni na san abin da ya rage a ciki. Yara suna mutuwa a Gangare, ba da takobi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A nemi sulhu tun muna da bakin da za mu nema da shi."

Madawaki Tunau ya buga sandarsa a ƙasa. "Zaki, Allah ya ba ka nasara. Na yi wa mahaifinka yaƙi, na yi wa kakanka riƙon linzami, ban taɓa jin Marke ta cika alkawari ba. Bagudu cika baki yake, yunwa yake jira ta buɗe masa ƙofa. Mu riga shi. Gobe da hantsi mu fita ta Ƙofar Kudu da duk abin da muke da shi. A kwaso 'yan bakan arewa yau a kawo su kudu, don arewa ba ta bukatar mai tsaro. Rafin Kanya ya cika ya batse, shi ne garkuwarmu a can. Da safen nan na tsaya a kansa."

Barmo ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya cika ya batse? Ya ɗaga ido ya dubi Cindo Sarkin Ƙofa, wanda shi ma kullum yana ganin rafin. Cindo ya kafa wa tabarma ido kamar yau ya fara ganin saƙa. Magana ta fara gangarowa, Barde ya ce haka ne, Sarkin Ƙofa ya ce haka ne. Da aka zo kan Barmo sai ya tuna mutumin da aka aika ya koya wa uwarsa tuƙa tuwo. Ya buɗe baki, sai ya ji muryarsa tana cewa, "Haka ne." Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, amma an riga an shafa fatiha.

A waje ya tari Cindo. "Yaya Cindo, ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Sai me?"

"Rafin nan ko idon sawu bai kai ba!"

Cindo ya ja shi gefe ya rage murya. "Kai yaro, rawaninka ya yi maka nauyi ne? Ina ka sani ko dabara ce, don kada magana ta fita ta kai kunnen Bagudu? Mutumin da ya tsaya a kan rafi da safen nan, kai ne za ka gaya masa yadda rafi yake? Na shekara da shekaru ina riƙe da ƙofar nan, abin da ya raya ni shi ne sanin inda bakina ya tsaya."

"In kuma ba dabara ba ce fa?"

"To, manya sun sani," in ji Cindo, ya kama hanyarsa da sauri.

Barmo ya koma ganuwa. A ƙasa ta ciki, matan Gangare suna hura wuta da ɗanyen itace, yara kwance a gindin rumbuna ko kuzarin kuka ba su da shi. A gabas kuwa hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin, irin wanda ba ya fasawa. Ya dubi rafin, ya dubi hadarin, ya tuna maganar manzo. Bai san yadda abubuwan nan uku suka haɗu ba, amma jikinsa ya ba shi cewa a haɗe suke, kuma wanda zai iya kwance ƙullin shi ne wanda ba a yi masa magana. Ya ce a ransa, in rawani ne a karɓe, in dariya ce a yi.

Ya iske Madawaki a zaurensa ana gyara masa sulke. Al'ada ta hana ƙarami gyara wa babba, amma ba ta hana shi neman ilimi ba, ta nan Barmo ya shiga. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni sabo ne a sarauta, na zo a koya mini abu ɗaya."

"Sarkin Baka ne? Kai da na ce ka kwaso mutanenka? Faɗi da sauri."

"Baba, me ake nufi idan rafi ya janye a tsakiyar damina, ana ruwa yana raguwa, kuma sassaƙen itace da ganyen giginya suna gangarowa a kansa?"

Tsohon ya ɗaga hannu ya sallami bayinsa, har zaginsa. Da zauren ya rage su biyu ya miƙo hannu yana lalube, ya sami wuyan hannun Barmo ya damƙe. "Wane rafi?"

"Rafin Kanya, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin watan nan ya tsaya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Barmo ya ɗaga kai, karo na farko ya dubi Madawaki cikin ido, abin da ƙarami ba ya yi. Ya ga farar yana ta lulluɓe idanun biyu.

Tunau ya ce, "Ka gani ko? Tun kakar bara haske da duhu kawai nake rarrabewa. Na ɓoye, don in mayaƙa suka ji mikiya ta makance gwiwarsu za ta yi sanyi, Galadima kuma ya buɗe ƙofa. Da kunne nake yaƙin nan. Rafi idan ya cika sosai ba ya ƙara, shi ya sa da na ji shiru na ce ya cika. Kullum ina zuwa in tsaya kusa da kai ina jira ka ce wani abu, ko da da wani kake yi, in tsinta. Ba ka taɓa cewa uffan ba!"

"Ranka ya daɗe, wa ya isa ya nuna maka abin da ke gabanka?"

Tsohon ya saki hannunsa, ya yi wata dariya mai ɗaci. "Gaskiyarka. Ni na ɗinke bakunanku da hannuna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. To, bar wannan, lokaci ya ƙure. Sassaƙen fari ne ko ja?"

"Da fari da ja."

"Sun sare giginya da maɗaci ke nan, sun yi turaku. Balbelu fa, ina suke kwana yanzu?"

"Sun bar bakin ganuwa. Da yamma arewa suke nufa, wajen duwatsu."

"Ruwa suke bi. Saurara, Barmo. Bagudu ya datse rafin a Mashigin Kura, inda duwatsu biyu suka matse shi. Yana tara ruwan damina a bayan madatsa. Idan hadarin nan ya sauka ta cika, zai fasa ta, ruwan ya zo gaba ɗaya ya daki gindin ganuwa. Ganuwa ƙasa ce, za ta narke kamar curin fura, ta kwanta a kan Gangare da rumbuna. Ina saurayi mun yi wa wani gari haka, da hannuna na kafa turaku, kuma har yau ina jin kukan. Kifayen da Sarki ya gani ke nan."

Barmo ya ce, "A kwashe mutanen Gangare!"

"A kai su ina? In ganuwa ta faɗi duk birnin Gangare ne. Magani ɗaya ne. A kafaɗar mashigin ta gabas akwai tsohuwar hanyar ruwa da yashi ya toshe tun zamanin kakanni. In muka riga su muka fasa ta nan, ruwan zai bi bayan birni ya sauka fadama, inda Bagudu ya ɗaure dawakinsa. Ni na san wurin amma ba na gani, kai kana gani amma ba ka san wurin ba. Kama hannuna mu je fada. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Mutanen Dargaza sun ga abin mamaki a ranar, Sarkin Baka yana jan Madawaki a kan hanya kamar jika da kakansa. A gaban majalisa Tunau bai yi kwana-kwana ba. Ya kwance rawaninsa ya ajiye a gaban Sarki ya ce, "Zaki, makaho ne ya ba ka shawara ɗazu, shawarar kuma ta mutuwa ce. Ga rawaninka. Abu ɗaya nake roƙo, ka ara mini yammacin yau." Ya faɗi duk abin da ke akwai.

Galadima ya miƙe tsaye don fushi. "Watanni makaho yana jan birni, mu kuma muna binsa! Ku kuma da kuke da idanu, me ya hana ku magana?" Ya juya kan Cindo. "Sarkin Ƙofa, gaskiya ne rafin ya janye?"

Cindo ya faɗi ƙasa. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Na gani."

"Ka gani ka ce haka ne?"

"Haka na taso na iske ana cewa."

Kowa a zauren ya sha faɗin kalmar. Tsawa ta yi ƙara a gabas. Sarki Nomau ya ɗauki rawanin ya riƙe a cinyarsa, ya ce, "Hukunci sai gari ya tsira. Tunau, na ara maka yammacin. Galadima, ka ce yara suna mutuwa, yau ga hanyar da za su mutu gaba ɗaya. Me za ka yi?"

Galadima Kosau mutum ne mai zafi amma ba wawa ba. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, zan tara duk mai ganga da mai ƙaho a Ƙofar Kudu, in sa a yi ta kiɗan fita yaƙi, Bagudu ya tattara hankalinsa a kaina. Tsakanina da Madawaki kuwa sai ya dawo."

Da la'asar suka zura igiyoyi ta ganuwar arewa suka sauka: 'yan bakan Barmo, da magina da manoma masu galma da dagi, da Cindo wanda ya roƙa a tafi da shi. Tunau aka zura shi cikin ragar igiya kamar buhun gero. Hanyar da za ta ɓoye su ɗaya ce, cikin rafin kansa, tsakanin gaɓoɓi biyu. Kowa ya san in aka fasa madatsar suna ciki ko gawarsu ba za a gani ba.

Kafin su ɗaga ƙafa tsohon ya tsayar da su. "Ku saurara. Daga nan har mu dawo babu babba babu yaro. Duk abin da mutum ya gani ya faɗa, ko ƙadangare ne ya gudu. Wanda ya gani ya yi shiru, shi ne ya kashe mu."

Ruwa ya fara ɗigowa. Barmo ya ce, "To, Baba, ga tawa. A kwance tsirkiyoyin baka a sa a cikin hula. In suka jiƙe, sanduna kawai muka ɗauko."

"Ni mahayi ne, wannan ban san shi ba. Ku yi yadda ya ce."

Suka kama hanya cikin laka, hannun tsohon a kafaɗar Barmo, ganguna suna tashi daga kudu. Da farko bakuna sun ƙi buɗewa, don abin da aka shekara ana ɗinkewa ba ya warwarewa nan take. Barmo ne ya yi ta zuba shi kaɗai, ga dutse a dama, ga kututture a gaba, gaɓa ta yi tsawo. Can sai wani magini ya ce cikin rawar murya, "Ranka ya daɗe, ga sawun mutane a yashi, sun hau hagu."

"Ruwa ya taru a cikin sawun?"

"Bai taru ba tukuna."

"Yanzu suka wuce ke nan. Me kuma?"

Cindo ya ce, "Kurciyoyi sun tashi daga kargon da ke hagu, ana ruwa kuwa."

"Tsuntsu ba ya barin mafaka cikin ruwa sai an kore shi. Masu gadi ne a ɓoye. Barmo, naka ne."

Barmo ya sa aka ɗaura tsirkiya, ya raba mutanensa biyu suka haura gaɓa. Masu gadin Marke sun ja bakunansu, jiƙaƙƙun tsirkiyoyi suka ba su kunya, kibansu suka zube a gabansu. Ba a daɗe ba aka gama da su, sai ɗaya da ya tsere yana ihu ya nufi mashigi.

Yanzu ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da suka karya kwana sai suka ga madatsar. Turakun giginya ne jere, an cika tsakaninsu da duwatsu da ƙasa, tsawonta ya fi soro, ruwa har ya fara tsartuwa ta 'yan kafofi. Barmo ya gaya wa tsohon duk yadda take.

"Saura nawa ta cika?"

"Bai fi kamu ɗaya ba, Baba."

"To, babu lokacin tsoro. A gabas kana ganin wani dutse mai kama da turmi a kife?"

"Ban gan shi ba. Kurmi ne ya rufe ko'ina."

Barmo ya ji yatsun tsohon sun nutse masa a kafaɗa. In dutsen nan bai samu ba, sun fito ne kawai su mutu a waje maimakon a ciki. Sai wani manomi ya ɗaga murya, "Akwai shi! Yana bayan tsamiyar can, nakan ɗaure akuyata a jikinsa."

"Allah ya yi maka albarka, kai da akuyar! Daga gindinsa ku haƙa, ku nufi ruwa."

Masu galma suka faɗa wa yashi, 'yan baka suka kewaye su. Mutanen Marke da ke tsaron madatsa suka taso da masu da takubba, 'yan kaɗan masu busasshiyar tsirkiya suna harbo kibau, wasunsu kuma suka ruga kan turaku da gatura don su fasa tun ba a riga su ba. Barmo yana harbi yana faɗa wa tsohon abin da ke gudana, tsohon yana ba da umarni: a bar masu takubba su matso, a kashe masu gatura tukuna. Cindo ya tsaya a bakin ramin da garkuwa, yana ihun duk wanda ya gani ya taho, sai ka ce yana biyan shirun shekaru. A nan mashi ya same shi. Turke ɗaya na madatsar ya karye, ruwa ya fara feshi ta wajen birni. Barmo ya ce a ransa shi ke nan, an gama da Dargaza.

Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin masu haƙa. Suka watsar da galmuna suka yi tsalle gefe, yashin ya rufta, ruwan da Bagudu ya yi wata yana tarawa ya sami ƙofa. Ya fita da ruri, ya tumɓuke tsamiyar, ya bi tsohuwar hanyarsa zuwa gabas. Mutanen Marke da suka ga inda ya nufa suka zubar da makamai suka ruga, ko za su riga shi isa sansani. Ba a riga ruwa.

Barmo ya ja tsohon suka hau kan dutse, ya zaunar da shi. Ruwan sama ya fara tsagaitawa, gari ya ɗan yi haske.

"Barmo, me kake gani?"

"Ina ganin ganuwa a tsaye, Baba. Ruwan da ya tsere ta rafi ya daki gindinta amma bai fi gwiwa ba. Ina ganin mutane a kanta suna ɗaga hannu."

"Fadama fa?"

"Fadama ta zama tafki. Rumfunan Bagudu suna yawo a kai, dawaki sun tsinke. Ga alama Ƙofar Kudu ta buɗe, don ina ganin tutar Galadima ta fito."

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kosau ya iya zaɓen lokaci, ka gaya masa na faɗa. Me kuma? Kada ka rage mini komai."

"Sarkin Ƙofa ya rasu. Da shi da magina huɗu."

"Allah ya jiƙansu. Me kuma?"

Mutanen da ke kewaye da su duk sun ga abin tun ɗazu, kowa ya kau da kai ya kafa wa ƙasa ido, irin kallon da aka saba yi wa tabarmar fada. Hawaye suka cika wa Barmo ido, ya durƙusa ya kama hannun tsohon.

"Ina ganin kibiya a haƙarƙarinka, Baba. Ta shiga da nisa, kuma irin ta Marke ce, mai dafi."

Tunau ya yi murmushi. "Wannan na san da ita, ba sai da ido ba. Ina jira ne in ji ko akwai mai faɗa." Ya lalubo kan Barmo ya dafa rawaninsa da ya jiƙe sharkaf. "Madalla, Sarkin Baka. Juya ni in fuskanci birni, ka ci gaba da gaya mini."